Direban da Ba Ya Amsa Oba-oba

Na gaji da jin mutanen garin Lautoka suna ba da labarin Apakuki a baibai. Jiya ma a kasuwa wata mai sayar da ƙaguwa, wadda ko fuskarsa ba ta taɓa gani ba, ta tsare ni tana ce mini wai ai shi ne direban nan da ya zautu a kan hanya ya hau yi wa sojoji wa'azi. Na ce mata, baiwar Allah, ɗaure mini ƙaguwata ki rufe bakinki. Mutumin nan bai zautu ba, bai yi wa kowa wa'azi ba. Ni Torika, mai wankin kakin sojoji a sansaninsu da ke bayan tsauninmu, a gabana aka yi komai, kuma ƙafafuna ne suka sha wahalar abin, don haka ni zan faɗa.

Apakuki ɗan kawuna ne, wan mahaifiyata. Taubashina ke nan, tavale a yarenmu, mutumin da nake da ikon in zage shi tas a gaban fasto, shi kuma ya yi dariya ya rama. Tare muka tashi a ƙauye ɗaya. Tun yana ƙarami ba abin da yake so a duniya sai sitiyari. Murfin tukunyar uwata ya sha murɗawa a hannunsa har ya lanƙwashe. Da ya girma ya fara da motar rake, ya koma motar katako, har ranar da wasu masu ɗaukar ma'aikata suka zo suna neman direbobin da za su yi wa sojojin Turawa jigilar ruwa a Kuwait. Ya tafi.

Shekaru ya yi a can, kwangila na ƙarewa wata na farawa. Ya tafi da gashi cunkus, ya dawo da sanƙo da tumbi da wani bargo mai hoton damisa. 'Ya'yansa sun yi wayo suna kiransa "mutumin cikin waya". Kawu ya rasu aka binne shi ba ya nan, sai hoton kabari aka tura masa. Ranar da ya dawo ta ƙarshe, ya zauna a tabarmar gidansu, ya ci rogo da kifi a madarar kwakwa har ya kasa tashi, sannan ya ce wa matarsa Salanieta ta ɗauki fasfonsa ta sa a ƙarƙashin ƙafar kabad. Ya ce ba zai sake kwana a gadon da ba nasa ba.

Sai ga sojojin Ostareliya sun zo gina sansanin horo a bayan tsauninmu. Soja kuwa, kowa ya sani, ba ya dafa wa kansa, ba ya wanke wa kansa, ba ya kwashe sharar kansa. Gwamnatinsu ta ba wani kamfani kwangilar yi musu duk wannan, kamfanin ya zo ya ɗebe mu. Ni aka ba ni injinan wanki. Apakuki aka ba shi mota ta huɗu, motar sanyi, fara sol, mai ɗauko nama da madara da kayan lambu daga tashar jiragen ruwa zuwa sansani. Ya fita da safe, ya dawo kafin la'asar sakaliya, ya kwana a ɗakinsa. Ban taɓa ganin ƙaton mutum yana murna irin haka ba. Motar nan har da man kwakwa yake goge mata tayoyi.

Kamfanin yana da doka ɗaya da ba ya wasa da ita. Kowace mota akwai oba-oba a cikinta. In ofis ya kira, dole direba ya amsa da bakinsa, ya faɗi inda yake, ya faɗi abin da allurar sanyi take nunawa. Da fari wani Ba'indiye ne a kan teburin oba-oba, shi da Apakuki har labarin ƙwallon zari-ruga suke yi a ciki. Sai mutumin ya samu biza ya bi 'yarsa ƙasar waje. Aka buɗe gurbin, mutane suka nema, wadda ta ci jarrabawar ita ce Miliakere.

Miliakere yarinya ce mai hankali, ta yi karatu, Turancinta kamar na rediyo. Laifinta ɗaya: matar Sailosi ce, ƙanen Apakuki uwa ɗaya uba ɗaya.

Matar ƙane! A al'adarmu wa da matar ƙanensa ba sa magana da juna. Tun ranar da aka kawo ta gidan, ita da Apakuki ba su taɓa haɗa ido ba. Ba ya kiran sunanta, sai dai ya ce "mutanen gidan Sailosi". In tana ɗaki ba ya shiga, in ya hango ta a hanya sai ya ratse cikin gonar gwaza ya yi kamar yana duba ganye. In akwai saƙo, sai a faɗa wa wani a gabanta, ita kuma ta amsa wa wanin. Haka muka tarar, haka ake yi, ba wanda ya taɓa mutuwa saboda shi. Sailosi kuwa yana can cikin teku a jirgin kamun kifi, sai ya yi watanni ba a gan shi ba. Da aka gaya masa a waya cewa matarsa ce za ta riƙa kiran wansa a oba-oba, dariya ya yi ta yi har katinsa ya ƙare. Namiji ke nan.

Ranar farko yarinyar ta yi dabara. Ta danna oba-oba ta ce, "Ana sanar da duk motocin da ke kan hanya, ana son a san inda ta huɗu take." Wannan ya halatta, tunda jama'a ta yi wa magana. Apakuki ya danna nasa ya ce, "Mota ta biyu, kana ji na? In ka ga wani mai sha'awar sani, ka ce masa na wuce masana'antar sukari, sanyi lafiya lau."

Direban mota ta biyu ya ce, "To ai ta ji ka."

Ya ce, "Kai dai faɗa."

Haka aka yi ta tafiya. Wani lokaci saƙon sai ya bi ta mota ta biyu, ya shiga ta shida, ya faɗa hannun mai gadin ƙofa, kafin ya isa ofis kabeji ya zama kaji. In kuma sauran direbobi sun yi nisa, to sai a nemi baiwar gidan, wato ni. Ya tsaya a gefen titi ya bugo mini waya ina tsakiyar matse wanduna.

"Tavale, tauraruwar masu wanki, taimaki bawan Allah."

"Mummuna, me kuma?"

"Ki ce wa mutanen gidan Sailosi an hana ni shiga tasha, wai takardar ba hatimi."

"Ni ce ofis? Ka gan ni da kujera mai juyawa?"

"Haba, ke da ba ki da aikin yi sai sansana safar Turawa."

In zage shi, in zagi tumbinsa, sannan in zura silifa in hau gangaren nan har ofis. Daga ɗakin wanki zuwa ofis ba kusa ba ne, kuma gwiwata ta hagu ba ta da lafiya tun haihuwar autana. Ba wanda ya taɓa ce mini sannu. Wannan ma a rubuta.

Manajan kamfanin wani Bature ne, Mista Nolan, dogo, jajir, kullum da gorar ruwa a hannu kamar mai goyo. Ba mugu ba ne, gaskiya ɗaya ce. Da fari ya zaci oba-obar mota ta huɗu ce ta lalace, ya sa aka canza ta har sau biyu. Sai ranar da jirgi ya sauka a wata ƙofar daban, Miliakere ta yi ta sanar da "duk motoci", babu mota a hanya sai ta Apakuki, shi kuma yana son ya tambayi wace ƙofa amma babu wanda zai tambaya, wayata kuma tana cikin aljihun rigar da na jefa a inji. Ya wuni a ƙofar da ba ita ba. Sojoji suka ci kifin gwangwani rana da dare, kyaftin ɗinsu ya zo ofis yana huci.

Nolan ya kira ni, don an ce masa ni ce na san kan zancen. Na yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurara, ya ce, "To sun yi faɗa ne?"

Na ce, "Ina fa! Duk garin nan ba wanda yake girmama ta kamarsa."

"Shi ya sa ba ya yi mata magana?"

"Yauwa, ka gane."

Bai gane ba. Ya ce a kwangilar da gwamnatinsu ta sa wa hannu mutum ɗaya aka yarda ya zauna a teburin oba-oba, kuma motar sanyi da rana kawai take fita, ba shi da ikon ƙara ko da rabin mutum sai an rubuta wa manya a ƙasarsu, su kuma kafin su amsa an gama ginin an tashi. Ya sa aka gyara na'urorin yadda kowace mota da ofis kaɗai za ta iya magana. Ya hana waya a cikin mota. Ya sa wa ƙofar ofis makullin kati, ya ce mai wanki ta tsaya a wurin wankinta. Sannan ya kira Apakuki ya ce masa, cikin lalama, in aka sake kira bai amsa ba, to kamfani yana da wata kwangilar a wani tsibiri can arewacin teku, inda maza zalla ne, babu matar ƙanen kowa. Ko ya tafi can, ko ya ajiye makulli.

Ajiye makulli a shekarunsa yana nufin komawa saran rake da bayan da ba ya lanƙwasuwa. Tafiya kuwa, kun ji abin da ya ce game da gadon da ba nasa ba. Da yammar nan na same shi a gindin bishiyar mangwaro, an dama yangona, jiƙon saiwar nan da ake zagayawa da shi a ƙoƙo, ana sha, ƙoƙo ya zo gabansa ya tafa ya karɓa ya riƙe, ya manta bai kai baki ba. Na ce, "Kai tulu, buɗe baki ka ce mata 'na iso' mana, sama za ta faɗo?"

Ya ce, "Ke za ki iya shiga coci ba zani?"

Na ja tsaki na juya na koma gida.

Kwanaki suka ɗan tafi lafiya, don Apakuki ya koyi danna maɓalli ya saki, ƙit ɗaya na nufin e, ƙit biyu a'a, Nolan kuma ya yi kamar bai lura ba. Sai ranar babbar liyafar sojojin ta zo, ranar da suke tunawa da mazajensu da suka mutu a yaƙi. An gayyaci manyan baƙi. Motar Apakuki ta taso daga tasha maƙare da naman rago da tsiran Turawa da askirim. Nolan yana can filin fareti yana jera kujeru. Ni kuma da rana tsaka na hau gangare in miƙa wa Miliakere abincinta ta taga, tunda yanzu ƙofa ta fi ƙarfina.

Ina isowa na ji murya tana fitowa daga oba-oba, irin muryar da Apakuki yake sawa ranar Lahadi in an ce ya buɗe taro.

"Ya Ubangiji mai jin kukan bayinsa, ga bawanka a mota ta huɗu. Kai ne masanin komai, ka san yana hayin gadar ƙarfe, daf da rumfar mai faci. Ka ga injin sanyi ya yi tari sau biyu ya mutu. Ka ga allura tana hawa. Ka ga naman mutane, ya Uba. Amin."

Na leƙa. Miliakere ta sauka daga kujera ta durƙusa a kan siminti, idonta a rufe, ta jawo abin maganar har igiyarsa ta miƙe. Ta danna.

"Ya Uba, ka ji kukan mota ta huɗu. Ka buɗe idon bawanka ya ga ƙaramin akwatin da ke bayan kujerarsa. Ka ba shi ƙarfin danna baƙin maɓalli, ya riƙe shi kaɗan. Amin."

Can sai, "Ubangiji, bawanka ya danna har yatsansa ya yi fari. Ba abin da ya motsa. Amin."

"Ya Mai Iko, ka tsare hannun bawanka daga buɗe ƙofar baya, kada sauran sanyin ya gudu. Ka kai shi inuwa. Ka sanyaya masa zuciya, gama makaniki yana tafe. Amin."

"Ya Ubangiji, ka sa a zukatan masu aiko makaniki kada su aiko ɗan gajeren nan. Kai shaida ne a kan abin da ya yi wa birkina. Amin."

"Ya Uba, ka koya wa bayinka haƙuri, gama ɗan gajeren ne kaɗai yake bakin aiki yau. Amin."

Ni ina tsaye a taga da kwanon rogo a hannu, dariya na cina, hawaye na zuba, kuma ban san lokacin da nake amsa amin tare da su ba. Sun fi rabin sa'a a haka. Makaniki ya je ya ɗaura wata waya, inji ya tashi. Nama ya iso lafiya. Askirim ne dai ya zama kunu, kukun sojoji ya zuba shi a kofuna ya ba shi wani suna, baƙi suka sha suna yabawa.

Da a nan aka tsaya da ba wanda ya ji. Ashe duk abin da aka faɗa a oba-oba na'ura tana naɗewa. Washegari Nolan ya zauna sauraro don ya rubuta rahoton lalacewar inji, ya ji yarenmu, ya kira mai gadin ƙofa ya fassara masa. Mai gadin nan kuwa bakinsa ya fi ƙofar da yake gadi faɗi. Kafin Lahadi labari ya kai Lautoka, ya hau motar haya ya wuce har garin Ba.

Fasto ne ya fara zuwa. Ya zauna a gidan Apakuki ya sha shayi, ya ci burodi da man shanu, sannan ya ce Ubangiji ba ɗan aiken kamfani ba ne. Apakuki ya ce shi da zuciya ɗaya ya yi addu'arsa, kuma an amsa, ga nama ya iso. Fasto ya ce ya yarda, amma kada a sake. Haka nan ya je ya gaya wa Miliakere, ta yi ta kuka.

Sannan Nolan ya tara mu a rumfar cin abinci. Apakuki ya ƙi hawa kujera, ya zauna a ƙasa ya juya wa Miliakere baya, ita ma ta juya masa nata, ni a tsakiya kamar turken awaki. Nolan ya ce ya saurari abin sau uku, ya yi dariya har ruwa ya sarƙe shi, kuma ya gode da aka ceci naman. Amma faifan yana zuwa hannun masu binciken gwamnati, ba zai iya rubuta musu cewa motar sanyi tana bi ta sama kafin ta yi magana da ofis ba. Ya ce, "Apakuki, tambaya ɗaya. In ta kira, za ka amsa mata?"

Apakuki ya sunkuyar da kai ya tafa hannu a hankali, irin tafin ban haƙuri. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba."

Sai Miliakere ta ja gefen zanina. "Yaya Torika, ki faɗa wa babban gida ni zan bar aikin. Su suka riga ni, su ke da iyali da yawa."

Na juya na ce, "Kai, ka ji, wai za ta bar maka."

Ya ce, "Tavale, ki faɗa wa mutanen gidan Sailosi, in suka bar kujerar nan saboda ni, a makon nan zan hau jirgin tsibirin. Su suka ci jarrabawa, ba wanda ya ba su kyauta."

Na juya na ce, "Kin ji, wai shi jarumi ne."

"Ki ce musu ba na so a ce na kori uba daga gidansa."

"Ki ce musu ba a mayar wa babba magana."

Na kai, na kawo, na kai, na kawo, mutum biyu a rumfa ɗaya, kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Wuyana ya gaji. Na miƙe na ce da Nolan, "Kai Bature, duk motocin da kuka jibge a filin nan, babu ko ɗaya da ba ta da wannan shegiyar na'ura?"

Ya yi tunani, ya kurɓi ruwansa. Ya ce akwai ɗaya. Ba ta fita babban titi, daga sansani sai ramin da ke bayan tsauni, don haka kwangila ba ta ce a sa mata oba-oba ba. Direbobi uku aka ba, duk sun gudu. Ya ce shi kunya ma yake ji ya ambace ta ga mutum mai shekaru irin na Apakuki.

Motar yashe masai ce.

Na ce, "Kutt! Mutumin da ya ja tirela a hamada? Ɗan kawuna? A kan gawata!"

Ban rufe baki ba na ji Apakuki yana tambaya daga ƙasa, "Giya nawa gare ta?"

Yanzu ita yake ja. Koriya ce, mai ƙaton tiyo a baya, kuma duk inda ta bi sai kaji sun canza hanya. Albarkar naman ragon da sojojin suke ci, aiki ba ya yanke masa. Salanieta ta kafa masa doka: sai ya yi wanka a rafi da lemun tsami kafin ya taka mata tabarma, kayan aikinsa kuma a kan bishiya suke kwana. A wurin shan yangona an ba shi gefen da iska take fita. Yara sun raɗa masa suna, ba zan maimaita ba. Ni har yau abin yana ci mini rai, kuma duk wanda ya ce a gabana wai an yi masa adalci sai na watsa masa ruwan kumfa. Miliakere tana nan a teburinta, an kawo wani yaro daga garin Nadi yana jan motar sanyin, yana amsa mata da "na'am, madam" har da ƙari.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Kafin rana ta faɗi yana gida, jikarsa a kan tumbinsa, yana gyangyaɗi a ƙofar ɗakinsa. Da safe in zai wuce ɗakin wanki sai ya rage gudu daidai inda na shanya fararen zannuwan gado, ya danna hon, ya leƙo da sanƙonsa.

"Tavale! Zo in rage miki hanya, akwai wuri a gaba!"

"Wuce, annoba! Ka ɓata mini shanya!"

"Ko a baya kike so? Akwai kujerar manya!"

Na ɗauki silifa na jefa masa, ya faɗa kan tankin ya maƙale a gindin tiyo. Ya tafi da shi. Da yamma ya aiko mini da shi a leda, wai an wanke. Na ce a mayar masa, ya riƙe.